Yadda Ake Zaɓen Darussa a Lisans Don Shirin Digirin Digirgir a Fannin RO

Duk shekara idan aka koma karatu wajen watan Oktoba, ba na rasa yara biyu ko uku a bakin ofis, kowa da takardar makinsa a hannu. Tambayar ɗaya ce: "Malam, ina so in yi dokta a RO, waɗanne darussa zan ɗauka?" Abin takaicin shi ne yawancinsu sai sun shiga shekara ta uku suke zuwa, lokacin da darussan da suka fi muhimmanci sun riga sun wuce, an ci su da kyar ko an haye su da taimakon makin wani darasi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, saboda haka wannan bayani na wanda ya fito daga bak ne, wato jarrabawar gama sakandare, ko yake shekarar farko a jami'a, a Dang ko Marwa ko Garwa ko Farsha ta Njamena. Ina cewa "kai" don sauƙin magana, amma ƙanwata har da ke.

RO gajeren suna ne na abin da ake rubutawa recherche opérationnelle a allon sanarwa. Lissafi ne na yanke shawara a inda abin hannu bai isa ba. Kamfanin auduga irin Sodecoton yana da kasuwannin saye barjat a ƙauyuka da masana'antun gurza kaɗan: audugar wace kasuwa za a kai wace masana'anta, da mota nawa? Kaya sun sauka daga jirgin ƙasa a Ngaundere za su bi Garwa da Marwa da Kusiri zuwa Njamena: wace tirela za ta ɗauki me? Ruwa nawa za a saki daga madatsar Lagdo yau, nawa za a riƙe saboda watan Afrilu? Leonid Kantorovich ya fara irin wannan lissafi a 1939 don wata masana'antar katako a Leningrad, Turawan Ingila suka ba fannin suna wajen farkon yaƙin duniya na biyu, George Dantzig kuma ya fito da dabarar simfuleks ta warware irin wannan lissafi a Amurka a 1947. Mai lisans yana koyon amfani da dabarun. Mai dokta ana jiran ya ƙirƙiro sabuwa, kuma ya kafa hujjar cewa tana aiki. Wannan hujjar ita ce za ta jagoranci duk zaɓin da ke ƙasa.

Abin da za ka tanada

Jadawalin darussan sashenka na shekara ukun gaba ɗaya. Yana wajen sakataren sashe ko a manne a allo. Ɗauke shi hoto da waya, ka haɗa da na sashen da ke maƙwabtaka da naku. Sai takardun makinka tun daga bak. Sai babban littafin rubutu mai kauri wanda ba za ka rubuta komai a ciki ba sai hujjoji. Sai kwamfuta ta hannu, ko tsohuwa ce mai giga 4. Wajen saye ka fi duba batir a kan sauri, don wuta ba ta da alƙawari. Sai filash na ajiye bidiyo da littattafai. Na ƙarshe, wani yaya ko wata yaya da ta riga ka shiga masta, wadda za ta faɗa maka gaskiyar abin da ake koyarwa a kowane darasi, don sunan darasi a takarda daban, abin da ke faruwa a aji daban.

1. Fara daga ƙarshen hanya

Kafin ka zaɓi komai, nemo tallan gurbin dokta guda goma a RO ka karanta. Ƙungiyar masana RO ta Faransa, ROADEF, tana wallafa irinsu. Haka cibiyoyin GERAD da CIRRELT na Montreal a Kanada. Kada ka damu idan ba ka fahimci batun binciken ba. Sauka ƙasa inda aka rubuta irin mutumin da ake nema, ka kwafi kalmomin a littafinka. Kafin ka kai na shida za ka ga abu ɗaya ake maimaitawa: ƙarfin lissafi, sanin ingantawa (lissafin neman amsar da ta fi kyau), iya rubuta manhaja, Turancin Ingilishi. Wannan jerin shi ne ma'auninka. Kowane darasi aka ba ka zaɓi a kai, ka tambayi kanka wanne layi yake cikewa.

2. Zaɓi sashe, don a nan ne zaɓin gaske yake

A tsarin LMD (lisans, masta, dokta) da muke bi a Kamaru da Cadi, lisans semesta shida ce, kowace da kiredi 30, jimla 180. Mafi yawansu dole ne. Abin da aka bar maka ka zaɓa da kanka bai taka kara ya karya ba, kuma galibi sai a shekara ta uku. Wato ranar da ka cike takardar shiga sashe, ranar ka zaɓi kusan dukkan darussanka ba tare da ka sani ba.

Ga yadda nake jera su. Lissafi haɗe da ilimin kwamfuta shi ne kan gaba, idan ka bi reshen lissafin kana ɗaukar darussan manhaja a gefe. Lissafi zalla na biye, sai dai za ka koyi rubuta manhaja da kanka. Ilimin kwamfuta zalla yana kaiwa, amma a sassa da yawa lissafin yana tsayawa bayan shekara ta biyu, kuma wannan ramin sai ka cike shi. Makarantar injiniya, irin Politeknik ta Marwa, tana da kyau ga wanda ya ci jarrabawar shiga. Tattalin arziki da gudanarwa su ne suka fi yaudarar yara, domin a can ma akwai darasi mai suna RO, sai yaro ya ɗauka ya iso. A can ana koya maka cike jadawalin simfuleks da hannu, ba a tambayarka dalilin da ya sa yake aiki.

Idan ka riga ka yi nisa a sashen da ba shi ba, kada ka watsar da shekarunka. Je ka gaida malamin da ke koyar da analiz (reshen lissafin iyaka da sauyi da hujjojinsu) a sashen lissafi, ka nemi izinin zama a bayan aji da halartar TD, wato ajin yin atisaye. Ba za a rubuta maka maki ba, amma idan ya ga kana kawo aikin gida, wata rana shi zai rubuta maka wasiƙar shaida. Mutanen Garwa kuma su sani cewa a tsallaken iyaka, Jami'ar Modibbo Adama ta Yola tana da sashen ƙididdiga da RO, ga wanda Ingilishinsa ya zauna.

3. Analiz: nan za ka zuba ƙarfinka

Duk darasin da sunansa ya fara da Analyse, ɗauke shi, daga na ɗaya har na ƙarshe, ka haɗa da tofoloji da lissafin sauyi mai canji da yawa. Idan masu tantance takardu suna da minti biyu kacal, makin waɗannan suke fara dubawa.

Ga dalili a ƙaramin misali. Faɗa mini lamba mafi girma da ba ta kai 1 ba. Ka ce 0.9, in ce 0.99. Ka ce 0.999, in ƙara tara ɗaya. Babu ita. Ke nan akwai tambayar "wanne ya fi" da ba ta da amsa sam, kuma kwamfuta za ta iya kwana tana neman abin da babu. Ƙa'idar Weierstrass, wadda ake koyarwa a shekarar farko yara suna hamma, ita ke faɗin sharuɗɗan da suke tabbatar da cewa mafi kyawun yana nan kafin a fita nemansa. Haka batun siffar ƙwarya. Jefa tsakuwa a ƙwarya, duk inda ta faɗa za ta gangara gindi ɗaya. Jefa ta a gonar da aka yi wa kunya, za ta tsaya a kwarin da ya fi kusa, alhali ga wani can da ya fi zurfi. Rabin ilimin ingantawa shi ne gane ko matsalarka ƙwarya ce ko gona, kuma da analiz ake ganewa.

Yadda ake karatunsa: karanta hujja sau ɗaya, rufe littafi, rubuta ta a babban littafinka daga farko. Inda ka maƙale, nan ne ba ka gane ba. Sannan cire sharaɗi ɗaya daga ƙa'idar ka nemi misalin da zai rushe ta. Kuskuren da ya fi yawa a wajenmu shi ne hadda. Yaron da ya taso a makarantar allo yana iya haddace hujja mai shafi biyu a dare ɗaya, ya zuba ta a jarrabawa ya sami 14. Baiwa ce, amma a nan tana ɓoye ciwo, don ranar da aka juya tambayar kaɗan sai alƙalami ya tsaya.

Ni kaina na ci wannan tuwon. A shekarata ta uku an ba mu zaɓi tsakanin darasin awo da tarawa, wanda kowa ke gudu, da wani darasi mai sauƙi na lissafin kuɗi. Na bi mai sauƙin don in ɗaga matsakaicin makina. Ya ɗagu kuwa. Da na shiga masta, a makon farko malamin lissafin yiwuwa ya rubuta abu uku a allo ya ce "wannan kun san shi tun lisans", ya wuce. Wata huɗu na yi ina karanta abin da na gudu, da fitilar waya, a ɗakin haya da ba ya riƙe sanyi.

4. Aljebra mai matiris

Semesta biyu aƙalla, uku idan akwai. Ka san warware jerin lissafi da dabarar Gauss har ta zama kamar tuƙin keke, amma kada ka tsaya nan: me ake nufi da tushe, da girma, da daraja ta matiris, da lambobin kai na matiris.

A ce tela ne a kasuwar Marwa, sallah ta gabato. Yana da shadda mita 60 da awa 56 na aiki. Babbar riga tana cin mita 6 da awa 8, ribarta sefa 12,000. Kaftani yana cin mita 3 da awa 2, ribarsa 4,000. Idan ya ɗinka kaftani zalla, 20 zai samu, riba 80,000. Babbar riga zalla, 7, riba 84,000. Amma riga 4 da kaftani 12 suna cinye shaddar da lokacin daidai, riba 96,000. Simfuleks ba abin da yake yi illa tafiya daga wannan kusurwa zuwa waccan har ya rasa wadda ta fi, kuma kowane taku nasa Gauss ne. Abin da ya fi daɗi shi ne kowace matsala irin wannan tana da abokiyar tagwaitaka da ke faɗin farashin abin da ya yi ƙaranci. A nan ta ce awa ɗaya ta ƙari darajarta sefa 1,000, don haka in tela zai sami mai taya shi a ƙasa da haka, ya ɗauka. Sai dai gwada awa 57 ka gani: amsar ta zama riga huɗu da kwata, kaftani sha ɗaya da rabi. Wa zai sayi kwatan riga? Daga wannan 'yar matsala aka sami reshe guda na ingantawa da cikakkun lambobi, wanda mutane ke yin dokta a kansa har gobe.

Idan malaminku yana gudu da yawa, darussan Gilbert Strang na MIT suna nan kyauta a bidiyo. Mutum ɗaya ya sauke, sauran su kwafa a filash.

5. Lissafin yiwuwa kafin ƙididdiga

Yara suna son ƙididdiga saboda tana kai mutum aikin ƙungiyoyin agaji. Ba laifi, ɗauki semesta ɗaya. Amma RO ta fi buƙatar lissafin yiwuwa, da abin da ke biye da shi: sarƙoƙin Markov, tsarin Poisson, lissafin layi, wato layin masu jira. Wani injiniyan tarho a Kopenhagen, Erlang, shi ya fara lissafin layi a 1909.

Duba tagar aika kuɗi da ma'aikaci ɗaya, wanda yake sallamar mutum 10 a awa, mutane kuma suna zuwa ba tsari. Idan mutum 5 ke zuwa a awa, a lissafi mafi sauƙi kowa zai ɓata minti 12 daga shigarsa zuwa fitarsa. Idan suka zama 9, har yanzu ba su fi ƙarfin ma'aikacin ba, amma lokacin ya koma awa ɗaya cur. Hankalin kai ba ya ba ka wannan amsa. Idan akwai darasin awo da tarawa a shekara ta uku, ka ji labarina, ɗauke shi.

6. Manhaja, algorizim da garaf

Yare ɗaya da ka iya sosai ya fi huɗu da ka ɗanɗana. Idan sashenku C yake koyarwa, riƙe shi, ka ƙara Python da kanka a hutu. Darussan da ba a sakaci da su: algorizim da tsarin ajiye bayanai, ilimin garaf, analiz na lambobi, da ilimin wuyar lissafi idan ana yi. A garaf, wato lissafin wurare da hanyoyin da ke haɗa su, za ka haɗu da dabarar Dijkstra ta 1959 ta gano hanya mafi gajarta, da ta Ford da Fulkerson ta 1956 ta yawan abin da zai iya bi ta hanyoyi.

Me ya sa ba za a bar kwamfuta ta gwada duk hanyoyi ba? Motar rigakafi za ta fita daga Yagwa ta zaga ƙauye 10 ta dawo: hanyoyi 1,814,400 ne, kwamfuta za ta ƙirga su kafin ka sha shayi. Ƙauye 15, sun haura biliyan 650. Ƙauye 25, bar zancen. Darasin algorizim shi ke koya maka wace matsala ce ke fashewa haka, da abin yi idan ta fashe.

Gargaɗi: ƙera shafin intanet, gyaran hanyar sadarwa, da zanen hoto sana'o'i ne masu kawo kuɗin cefane, amma ba sa ƙara maka komai a wannan tafiya. Kada su cinye gurbin zaɓinka. Kuma rubuta manhaja a takarda don jarrabawa ba iyawa ba ce. Sa matsalar telan nan a PuLP, kayan aikin Python na irin wannan lissafi, wanda yake zuwa da injin warwarewa na CBC kyauta, ka ga 96,000 ta fito a allonka. Wanda ba shi da kwamfuta ya haɗa kai da mai ita, ko ya yi rajistar awa a ɗakin kwamfutar sashe. Solver na Excel ma ya isa farawa, duk da ba ya wuce canji 200, wato lambobin da ake neman ƙimarsu.

7. Darasin RO kansa, da zaɓin shekara ta uku

Ɗauke shi mana, ka ci shi da kyau. Amma idan lokacinsa ya ci karo da tofoloji ko lissafin yiwuwa na gaba, bar RO ɗin. Za a sake koya maka shi daga tushe a masta, waɗancan kuwa za a ɗauka ka iya. Idan gurbi ya rage, ga yadda nake fifitawa: ingantawa, sannan tsare-tsaren yiwuwa, sannan kwaikwayon tsari a kwamfuta, sannan ilimin wasa (lissafin shawara tsakanin masu gasa) ko ƙaramin tattalin arziki mai lissafi.

8. Kula da takardar maki

Matsakaici 12 bisa 20 shi ne ƙasan abin da nake so ka riƙe, 14 kuma yana buɗe ƙofofi. Amma masu tantancewa layi-layi suke karantawa. Wanda ya sami 8 a analiz ya haye da 17 na wani darasin gefe, takardarsa ta nuna. Gara 12 a darasi mai wuya da 16 a wanda kowa ya san kyauta ne. Kada ka raina CC, gwajin cikin semesta, shi ke ceton mutum ranar da zazzaɓi ya kama shi a babbar jarrabawa. Idan ka faɗi babban darasi, shiga ratarafaj, wato jarrabawar gyara, da shiri na gaske, kuma ka ci na gaba da shi da maki mai kyau, don mai karatu ya ga ka farfaɗo.

9. Ƙaramin aiki ɗaya, malamai biyu

Za a nemi wasiƙar shaida biyu ko uku, kuma wasiƙar da ta ce "ya halarci ajina" ba ta da nauyi. Tun shekara ta biyu zaɓi malamai biyu, ɗaya na lissafi ɗaya na kwamfuta, ka riƙa kai musu tambaya bayan ka gwada da kanka. Kada ka je hannu rabbana kana cewa a ba ka batu. Je da naka: jadawalin jarrabawar sashenku da ɗakuna ba sa isa, ko yadda kawunka mai fataucin albasa yake raba buhuna tsakanin motoci. Tattara lambobin gaske, gina lissafin, warware shi, rubuta shafi goma. Nemi izinin mai kayan kafin ka sa lambobinsa a takarda, 'yan kasuwa ba sa son a ga cikin aljihunsu.

10. Ingilishi, da masta da za ta biyo

Kusan duk takardun bincike na RO da Ingilishi ake buga su, har na Faransawa. Darasin harshe biyu da yara ke tsallakewa, kai ka zauna. Daga shekara ta biyu ka riƙa karanta babi ɗaya na lissafi da Ingilishi kowane wata. Alamomin iri ɗaya ne, kalmomin da ke kewaye da su ba su da yawa.

A Faransa da nan gida sai da masta ta biyu ake shiga dokta, kuma shekara uku ce a ƙa'ida. A Paris akwai masta ta musamman ta RO mai suna MPRO, a Grenoble ma akwai. A Amurka dokta tana ɗaukar wajen shekara biyar, ana rufe karɓar takardu galibi a Disamba, kuma digirinsu na farko shekara huɗu ne, don haka mai lisans ta shekara uku ya fi samun natsuwa idan ya ƙara masta. Akwai kuma AIMS, cibiyar ilimin lissafi ta Afirka, a Limbe, wadda aka buɗe a 2013, tana ba da masta ta shekara ɗaya a ilimin lissafi da Ingilishi, ci da kwana duk a kansu. Shekara huɗu ta jami'a suke nema, wato sai ka gama masta ta farko. Duk wadda za ka bi, tun watan Yuni na shekararka ta uku ka karɓi takardun makinka na asali, ka yi musu kwafi mai hatimi guda biyar-biyar, ka ɗauke su hoto mai kyau ka aika wa kanka ta imel. Fasfo ma a fara nemansa a lokacin, kafin damina ta ɓata hanya.